Alli Kafin Fenti a Filin Treichville

Aikin farko da aka sakar mini na yi da hannuna, sa ne. Jan sa mai tozo, a kan falankin katako, na wani matashin mahauci mutumin Tawa da ya kafa teburin nama a Treichville. Sunansa Isufu. Ya tako har shagonmu a Adjamé Liberté ya ce allo yake so wanda ko mutumin da bai taɓa shiga lekol, wato makarantar boko, ba zai hango daga nesa ya san nama ake sayarwa a wurin. Maigidana ya dube shi, ya dube ni, ya ce to ga naka. Na shafa wa falankin fentin ƙasa, ya bushe, na ɗauki alli na zana san tsaf. Na ɗauko burushi zan fara zuba ja ke nan, sai maigida ya riƙe mini hannu. Ya ce in fitar da shi bakin titi in jingine, ya sha iska tukuna.

Kafin la'asar na ji abin da kunnena bai so ba. Wani tsohon Bafulatani mai rakiyar shanu ya tsaya ya ce san nan in ya ɗaga ƙafa faɗuwa zai yi, don na lanƙwasa masa ƙafar baya irin ta mutum. Wata mai tallan aceke, dambun rogon nan, ta ce idonsa na ɓarawo ne. Isufu da kansa ya zo, ya lashi babban yatsa ya goge rabin ƙahon, ya ce dogon ƙaho na tsohon san daji ne, duk matar da ta gan shi za ta ce namansa tauri. Na ji haushi har na kasa cin abincin rana. Amma na gyara, na sake gyarawa, sannan aka bar ni na sa fenti. Allon yana nan har gobe a saman teburin, jan ya koɗe ya koma ruwan ƙasa.

Ku yaran yanzu kuna yi mini dariya in na ce zane sana'a ce mai wuya. Kuna fito da waya ku rubuta wa na'urar nan da kuke kira IA magana biyu, kafin shayi ya huce ta zana muku gidan sama da jirgi a kansa. Ban ce ƙarya ce ba, na gani da idona, kuma zan faɗi inda ta fi ni. Amma ku saurara ku ji yadda kyakkyawan hoto ya kusa hana wannan Isufun wurin da za a yi masa sallar ƙarshe.

Sunana Mamman, amma a unguwa Mamman Fenti ake ce mini. Daga Ƙonni na zo, a bayan motar shanu, ina biye da kawuna wanda ya so in zauna masa a shago in riƙa auna shinkafa. Duk aiken da ya yi mini sai in ɓace, a tarar da ni tsaye ƙofar wani mai zanen alluna, baki sake. Da kawu ya gaji da duka sai ya kama hannuna ya kai ni wurin mutumin ya ce ya riƙe ni, tunda can zuciyata take. Metir Kwasi ke nan, mutumin Ghana, mai Hausar zangon Kumasi wadda sai ka kasa kunne sosai kafin ka gane yabo yake yi ko zagi.

Na daɗe a shagon ban taɓa fenti ba sai dai in wanke shi. Wanke burushi da kananzir, goge katako har yatsu su yi kanta, kankare gwangwanayen tumatir da muke dama kala a ciki. Manyan burushi muna saye, amma sirara na jan harafi Metir da kansa yake ɗaurawa, da gashin jelar sa da mahauta ke kawo mana, a cusa a gindin gashin kaza a ɗaure da zare. Akwai sanda mai dunƙulen tsumma a kai, wadda ake jingina hannu a kanta don kada ya yi rawa. Akwai kuma igiya. Za ka shafe ta da alli, mutum biyu su ja ta ta yi tsam, ka ɗaga tsakiyarta ka saki, ta bar farin layi miƙaƙƙe a kan katako. Bayan haka sai ka bi layin da burushi, numfashi ɗaya, ba tsayawa. Watanni na yi ina jan layi kawai. Ina kallon Metir yana zana mata masu kitso da kifaye masu sheƙi, ni kuwa layi, layi, layi, har na fara mafarkinsa.

Dokarsa babba ita ce wadda na fara da ita: alli sai ya kwana a waje kafin fenti. Na taɓa tambayarsa dalili, don wani lokacin zanen ba shi da abin gyara ko kaɗan. Ya ce mutanenku ai na san su. In ka nuna musu abin da aka gama, ya yi ƙyalli, mai shi yana tsaye, ba wanda zai buɗe baki sai da madalla, ko da kuwa ka rubuta sunan ubansa a juye. Alli kuwa ba wanda ke jin kunyarsa, kowa ya san da yawu ma yana gogewa.

Da na samu 'yanci na haye Treichville na buɗe nawa shagon, kusa da wani ƙaramin masallaci na mutanenmu. Shekarun nan su ne nake kewa. Masu aski suna son kawuna a jere, kowane da irin askinsa, kuma kowane kai sai ya yi kama da wanda 'yan mata ke so a shekarar. Direbobin gbaka, ƙananan bas ɗin haya, suna kawo motocinsu a rubuta musu habaici a baya. Masu maganin gargajiya suna son a zana cutar da kanta, mutum riƙe da ciki yana murƙususu, don mai ciwon ya gane kansa. Matan da ke da gidajen abinci suna son kaza da kifi, kuma ba a taɓa yin wadda ta ce kifin ya kai girman da take so ba. Na taɓa ɗaukar allon wata mai gasa kifi zuwa ƙetaren ruwa, na shiga jirgi a tashar Treichville fentin bai gama bushewa ba, na riƙe shi sama da kaina tun daga wannan gaɓa har waccan, mutane suna ta kaucewa suna zagina da harsuna iri-iri. Da na isa ta dube shi ta ce kifin ya rame.

Sai shekarar da injin buga bash ya shigo gari. Bash shi ne ledar nan mai kauri da ake buga hoto a kai. Mutum zai kai hoton kansa da safe, da yamma a ba shi allo mai faɗin bango, ga fuskarsa ga lambar wayarsa. Masu aski suka fara tafiya, masu abinci suka bi su. Wata rana na zauna tun safe har magariba ba wanda ya leƙo sai mai neman hanyar masallaci. Fenti ya daskare a gwangwani. Metir Kwasi ya riga ya koma gida a lokacin, kuma na gode wa Allah da bai ga wannan ba. Na gangara bakin tashar jiragen ruwa na samu aikin buga lamba a jikin akwatunan kaya, da kwali mai huji da soso, aikin da ko makaho zai iya.

Isufu ne ya riƙe ni a shekarar. Ya zama Alhaji Isufu a lokacin, yana da yara masu yanka a ƙarƙashinsa, kuma shi ne mai tsayawa a kan jana'izar mutanenmu. In ɗan Nijar ya rasu a unguwar, da dangi ko ba dangi, wurinsa ake zuwa. Masu bash sun bi shi sun bi shi ya sauke tsohon san nan, ya ce san bai yi masa laifin komai ba. Sai ya fara turo mini aikin allunan kabari, ƙaramin baƙin ƙarfe da farin rubutu, suna da garin asali. Bai taɓa cewa taimako yake yi ba. Sai dai ya turo a ce, Alhaji ya ce wane ya rasu, ga sunan.

Ta nan na san filin sosai. Fili ne tsakanin masallacin da gidajen haya, ƙasa ce tsura, ba komai a cikinsa. Da damina taɓo, da rani ƙura. Yara suna ƙwallo, awaki suna kwana, in ana suna ko biki a kafa rumfa. Masallacin kuwa ƙarami ne, don haka duk gawar da aka yi a unguwar a filin ake sallatarta. Titunan Treichville a miƙe suke, amma ba su san alƙibla ba, saboda haka sahu a karkace yake tafiya, daga kusurwar famfo zuwa bangon mai shayi, ya cinye filin gaba ɗaya. Alhaji ne ke ja wa mutane layi a ƙasa da sandarsa, ya bi yana tura ƙafar wannan baya yana jawo wancan gaba. A nan aka sallaci mahaifinsa. A nan aka sallaci matarsa da ƙaninsa.

Shekarun baya kaɗan wata ƙungiya mai gyaran unguwanni ta zo ta ce za ta gyara filin, amma sai mazauna sun faɗi yadda suke son ya zama. Suka zaɓi matasa suka koya musu yadda za su sa IA ta zana abin da mutane suka faɗa, don kowa ya ga gobe da idonsa kafin a taɓa ƙasa. Dabarar ta burge ni. Wadda ta ja gaba ita ce Nafisa, jikar Alhaji, haifaffiyar nan, ta yi karatun tsara gari. Faransancinta ya fi Hausarta nisa, in ta yi Hausa kakan yana dariya har sai ya yi tari. Amaryata yake ce mata, ita kuma ta ce masa angona, wasan kaka da jika.

Yarinyar ta yi aiki, ba wanda zai ce ba ta yi ba. Gida-gida ta bi. Mata suka ce taɓo da sauro da duhu. Samari suka ce ƙwallo. Ta je wurin dattawa a ƙofar masallaci ta durƙusa ta tambaye su, suka ce duk abin da kuka yi daidai ne, Allah ya yi albarka.

Ranar taro aka kafa rumfa bayan la'asar, aka rataya farin ƙyalle, Nafisa ta kunna majigi. Sai hoton ya fito. Filinmu ne, ga masallacin, ga bangon mai shayi, har tsagar da ke jikinsa. Amma ga ciyawa kore shar, ga itatuwa masu fure, ga kujerun siminti a zagaye, kuma a tsakiya ga wani tafki mai feshin ruwa sama, rana tana wasa a cikinsa. Duk tsawon shekarun da na yi da burushi ban taɓa iya kama hasken rana a kan ruwa haka ba, kuma na yi ƙoƙari. Na ji kishi, na ji daɗi, duka a lokaci guda.

Wakilin ƙungiyar ya tambaya da Faransanci ko akwai mai gyara. Aka juya ana kallon Alhaji, tunda shi ne babba. Yana zaune a kujera, ƙafafunsa a kumbure, don ciwo ya riga ya kama shi. Ya ɗan jima yana kallon ƙyallen, ya ce madalla, Allah shi yi albarka. Sai kowa ya ɗauka, madalla, madalla. Ni ma na faɗa, da ƙarfi ma. Aka fassara wa wakilin, ya yi murmushi ya ce to kowa ya amince.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji a ƙofar shagona, yana dogara sanda. Na ba shi benci. Ya yi maganar tsadar shanu, ya yi maganar ruwan sama. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Mamman, kai ka san zane. Cikin hoton ga na ɗiyar nan, ina za a aje ni?"

Ban gane ba, na ce a aje ka ina, Alhaji.

"Makara nike nuhi. Ina za a aje makara, mutane su tsaya ina? Ko cikin ruwan za su shiga?"

Ni da na tsaya a sahun filin nan sau ba adadi, hoton ya shanye mini ido har ban tuna ba. Na ce masa me ya hana ka faɗa jiya. Ya ce a gaban baƙi zai tsinka jikarsa? Kuma abu an riga an gama shi, har da tsuntsaye a sama, wa zai ce a rushe. Ya ce shi dai ya so a sallace shi inda aka sallaci tsohonsa, amma in ba rabo shi ke nan, a kai shi bakin titi a tare motoci. Sannan ya nuna ni da sanda ya ce in na kuskura na gaya wa Nafisa shi ya yi maganar, ba shi ba ni.

Na kwana ina juya abin. Faɗa mata an hana ni. Yin shiru kuma, za a haƙa tafki. Da safe na je na same ta a gidansu, tana gaban kwamfuta, na tambaye ta ko na'urar tata ta iya zane mara kyau.

"Tonton, kowa yana so ya yi kyau, kai kana so ya yi muni?"

Na ce ba muni ba, wanda ba a gama ba. Layuka kawai, kamar na alli, wanda mutum zai gani ya ce ai wannan ko ni zan iya gyara shi. Na ba ta labarin jan sa da dokar Metir Kwasi. Ranta bai so ba. Ta ce ai an yi taro, kowa ya ce madalla, ita ta ji da kunnenta. Na ce ta je ta tambayi mahaifiyarta abin da take cewa in surukarta ta aiko mata da miya gishiri ya yi yawa. Ta ɗan yi dariya, ta ce akwai sauran lokaci kafin a miƙa tsarin, za ta gwada don ta rufe mini baki.

A nan na ga inda na'urar ta fi ni. Nafisa ta ce mata ta zana filin daga sama, kamar yadda tsuntsu ke ganinsa, da layuka zalla. Nan take ta yi, kowane gida a mazauninsa. Ni da sai na hau rufin masallaci na yi kwanaki ina aune-aune, kuma da ya karkace. Da magariba ta yi muka haska majigin a bangon mai shayi, wanda na riga na shafe da baƙin fenti, na bi layukan da alli. Na rataya gwangwanin tumatir cike da guntayen alli, da tsumma a gefe, muka tafi muka bar shi.

Ranar farko kallo kawai aka yi. Mai shayi ne ya fara, don ya ga an dasa masa kujerar siminti daidai inda abokan cinikinsa ke ajiye babura. Ya goge ta ya mayar da ita gefe. Daga nan sai ƙofa ta buɗe. Mata suka goge ciyawar kaf, suka ce gidan sauro ce kuma awaki ba za su bar ta ta kwana ba, suka zana famfo na biyu. Samari suka zana ragar ƙwallo, wata tsohuwa ta goge ta don tana kallon tagarta, suka sake zanawa a wani gefen. Mutanen da suka ce madalla baki ɗaya, ga su suna musu a gaban bango har ana riƙe wani. Kowace yamma Nafisa ta ɗauki hoton bangon ta ba na'urar, ta fito da sabon zane mai tsabta, ni kuma in sake bi da alli. Yarinyar ta daina fushi da ni, har ta fara zuwa da nata tsumman.

Tafkin tsakiya kuwa ba wanda ya taɓa shi. Mata suna sonsa. Dattawa sun san matsalar, amma sun ga Alhaji bai yi magana ba, wa zai riga shi. Shi kuma kullum sai ya wuce ta gaban bangon zuwa masallaci, kansa a gaba, kamar bangon ba ya nan. Lokaci yana ƙurewa, ni kuma alkawari ya ɗaure mini baki. Na ji tsoro ƙwarai a kwanakin nan, don ƙafafunsa ƙara kumbura suke yi.

Ana gab da miƙa tsarin, ya fito daga sallar la'asar, Nafisa ta tare masa hanya da gwangwanin alli a hannu. Ban sa ta ba, Allah ne shaida. Ta ce da Hausarta mai tuntuɓe:

"Angona, kowa ya taɓa sai kai. Tsoron alli kake, ko hannun ya tsufa?"

Mutane suka yi dariya. A cikin wasa kaka yana iya gaya wa jikarsa abin da ba zai faɗa a taro ba. Ya ce amarya ta raina shi, bari ta gani. Ya miƙa mini sandarsa, ya karɓi tsumma, ya goge tafkin, ya goge kujerun da ke kewaye da shi, har tsakiyar ta koma baƙi wuluk. Sannan ya ɗauki alli ya ja layuka a karkace, daga kusurwar famfo zuwa bangon mai shayi. A gabansu ya zana ɗan dogon akwati.

Nafisa ta karkata kai ta ce wannan kuma mene ne, wurin ajiye motoci?

"Nan za ku aje ni," in ji shi. "Nan kuma mutane su tsaya."

Dariyar ta ɗauke. Yarinyar ta tsaya tana kallon layukan, sai na ga ta gane. A unguwar aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin sahun nan ba. In an fito da gawa mata suna cikin gida, a bayan ƙofa, sai dai su ji kabbara. Ita filin da ta sani na ƙwallo ne da awaki da rumfar biki. Dattawan da ta tambaya kuma ba wanda zai yi wa budurwa zancen makara. Ta sunkuyar da kai hawaye suna zuba, ta ce da Faransanci me ya sa ba wanda ya gaya mata. Alhaji ya karɓi sandarsa ya ce ai ga shi ya gaya mata, kuma ta daina kuka tun bai mutu ba, kada mutane su ce auren dole aka yi mata da shi.

Abin da ya ba ni dariya a kwanakin da suka biyo baya shi ne faɗan Nafisa da na'urarta. Ta ce mata ta bar tsakiyar fili ba komai, sai ta dasa tukunyar fure. Ta hana ta, sai ta kawo kujera. Ta sake hana ta, sai ta zuba tantabaru. Na ce mata haka duk sabon ɗan koyo yake, in ya ga wuri fayau a allo hannunsa ƙaiƙayi yake yi. A ƙarshe ta shawo kanta. Fili ya fito a daɓe sumul, itatuwa da kujeru da fitilu duk a gefe, magudanar ruwa a kewaye, famfo biyu. Ta kuma sa ta zana shi cike da maza a tsaye sahu-sahu, don wakilin ƙungiyar ya ga amfanin wurin da ba komai. Da aka haska wannan a taro na biyu, wakilin ya gyaɗa kai, bai nemi ƙarin bayani ba. Aka juya ga Alhaji. Ya kalli hoton da kyau ya ce sahu na uku ya karkace.

Da rani aka yi aikin. Da aka gama daɓen sai aka ce ana son a ja layukan sahu da farin fenti, kuma ba injin da ke buga bash a ƙasa, sai aka zo wurina. Na ɗauko tsohuwar igiyata na shafe ta da alli. Nafisa ta riƙe bakin can, na riƙe na nan. An fito wa Alhaji da kujera, yana nuna alƙibla da sanda, ita kuma tana duba ta a waya, suna gardama a kan abin da bai kai faɗin yatsa ba. Na ɗaga igiya na saki, na ɗaga na saki, har filin ya cika. Na bar allin ya kwana, kamar yadda aka koya mini. Da safe na tarar ba wanda ya goge ko ɗaya, sai sawun akuya.

Na durƙusa na bi su da burushi. Gwiwoyina sun yi ƙara, bayana ya ƙage, amma hannun bai manta ba. Na tuna marigayi Metir Kwasi da watannin da na yi ina jin haushinsa, na yi masa fatan alheri a inda yake kwance. Kawunan aski da kifaye da kaji da na zana a garin nan duk an sauke su an yi wuta da katakon. Layin da na raina shi ne aka dawo nema.

Alhaji Isufu bai ga damina ba. Makararsa ce ta farko da aka ajiye a gaban layukan. Mahauta suka zo daga kasuwanni, 'yan Adjamé suka hayo, dillalan shanu, masu shaguna, har filin ya cika daga famfo zuwa bangon mai shayi. Na hango labulen wata taga a saman bene an ɗan ɗaga shi, na san Nafisa ce. Na tsaya a sahun gaba, na dubi ƙasa, yatsun ƙafata suna kan farin layi. Ba mai sanda da zai bi yana tura wannan yana jawo wancan.

Liman ya juyo don ya ce a daidaita sahu, kamar yadda ya saba. Ya duba dama, ya duba hagu, bai ga abin gyarawa ba. Sai ya juya ya yi kabbara.